Zanen da Muka Mayar Ruga

Innata ba ta ɗauki godiyar da aka yi a tsaye a bakin komai ba. In ka ba ta abu ta ce ta gode, wannan somin-taɓi ne kawai. Godiya ta gaskiya a wurinta sai an kwana. Gari na wayewa za ta yafa mayafi ta tako har gidanka, ta zauna, ta gaishe ka da kyau, sannan ta ce ta zo godiyar jiya. In da hali ma ba ta zuwa ita kaɗai, sai ta ja wata maƙwabciya ta taya ta, don a ganinta baki ɗaya ya yi wa alheri kaɗan. Duk unguwarmu a Bungudu an san ta da wannan, kamar yadda aka san ta da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wani ƙanen babanmu yakan ce shi tsoron ba ta ko goro yake yi, don ya san gobe ba shi ba barcin safe.

Ni Allah bai yi ni da irin sanyinta ba. Ina da saurin baki da saurin fushi, kuma na girma ina ganin wannan zirga-zirga tata ɓata takalmi ce.

Da aka yi mini aure aka kai ni Gusau, Sabon Gari, inda mijina ke haya kusa da kasuwar da yake sayar da hatsi. Can na haifi ɗana na fari. Wanda bai tashi cikinmu ba zai yi mamaki, amma a lokacin uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya kira ta cikin mutane sai ta yi kamar ba ta ji ba. Kunya ce, kuma ni na riƙe ta da ƙarfi, don ina so a ce ɗiyar Inna ta san ya kamata. Shi ma yaron bai taɓa ce mini Inna ba. Ya ji ƙannena na ce mini Yaya, sai ya ɗauka. Zai biyo ni tsakar gida da ɗan tumbinsa yana Yaya, Yaya, in akwai baƙi in ture shi da gwiwa in ce ya je wurin babansa. Sai mun shiga ɗaki mu biyu nake rungume shi in shinshina wuyansa har ya yi ta ƙyalƙyala dariya.

A ƙarshen shekarun mulkin soja ne, lokacin da man fetur ya yi wuyar da mota kan kwana a layin gidan mai. Da bazara aka yi suna a dangin mijina a Tsafe, na tafi da yaron, bai kai shekara uku ba. A can zazzaɓi ya kama shi, da amai da gudawa. Kafin mu farga jikinsa ya saki, idanunsa sun faɗa. Uwar mijina ta ce kada in tsaya jiran kowa, in koma da shi Gusau asibiti. Na goya shi na nufi tasha, na samu kiya-kiya ta kusa cika.

Mun baro Tsafe da ɗan nisa motar ta fara shessheƙa, ta yi tari, ta mutu. Man da direba ya saya wurin 'yan bumburutu ya ƙare. Rana ta take tsaka, kwalta har wani rawa take yi a ido. Na sauka na nufi inuwar wani gawo a gefen hanya, na kwance goyon. A nan wata Bafulatana ta same ni, ta dawo daga tallan nono da ƙwaryarta a kai. Ta dubi yaron, ta sauke ƙwaryar, ta zauna a ƙasa ta miƙo hannu.

"Kawo shi nan," ta ce. "Ke tahi ki tsai da mota."

Na miƙa mata shi na ruga bakin titi. Na ɗaga hannu, na cire mayafi na kaɗa, na yi kururuwa. Motocin ba su da yawa, waɗanda ke wucewa kuma a cike suke maƙil. Ban san iya daɗewar da na yi ba. Can wata akori-kura mai ɗauke da albasa ta rage gudu ta tsaya. Na juyo da murna zan ce ta kawo shi, sai na ga ta cire zanen da ta yafa ta lulluɓe shi duka, har kansa.

Ban tuna yadda na karɓe shi ba. Ban dubi fuskarta ba, ban ce mata uffan ba. A cikin wannan zanen na kawo shi gida, baƙin saƙi ne mai shuni, yana ƙanshin hayaƙi da nono.

Aka yi jana'iza, aka zauna karɓar gaisuwa. Mata na shigowa suna cewa, "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne." Amsar kowa ya san ta, ko yaro ya iya: haƙuri da godiya. Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Sai in sunkuyar da kai, Inna ta amsa a madadina. Mutane suka ɗauka kunyar ɗan fari ce, har ana yaba mini, wai ko hawaye ban yi ba. Ni kaɗai na san ba kunya ba ce. Zuciyata ce ta bushe ƙamas, kuma fushi nake yi, fushin da ba na iya gaya wa kowa da wanda nake yin sa. Ina salla a kan lokaci, amma baki ne kawai ke motsi.

Da aka share makoki Inna ta roƙi mijina ya bar ni in je Bungudu in huta. A can ma haka na zauna kamar turmi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kullum sai ta shigo ta yi mini wa'azi, wai in gode wa Allah da ya bar ni da lafiyata da ƙuruciyata, zan haifi wasu. Rannan na ce mata in ta ga dama ta je ta haife su da kanta. Ta fita tana salati. Inna na jinmu daga bakin murhu, ta ci gaba da matsar tunkuzarta.

Mutuwar yaron ba ita kaɗai ke cina ba. Kowa na mutuwa, wannan na sani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ya tafi a hannun baƙuwa, ni kuwa ina tsaye na ba shi baya. Na yi ta tunanin ko ya nemi ni, ko ya ji tsoro. Sai in tuna duk ranakun da ya kira ni na yi kamar ban ji ba. Na fara jin tsoron haka zan ƙare rayuwata, ina ɗaga hannu sama ba abin da zan iya ce wa Ubangijina da gaske.

Wata safiya na ga Inna ta wanke zanen nan, ta shanya, ta ninke shi da kyau. Ta ɗauko kwando ta fara jera kaya: ƙuli-ƙuli, kwalbar man gyaɗa, ƙullin gishiri, kanwa saboda shanu, sabulu da goro.

"Matar nan da tab ba ki zane," ta ce, "mi kic ce mata?"

Na ce ban ce komai ba.

"To kin gani. Zanen mutane na hannunmu, godiyassu na wuyanmu. Ga hadari ya hwara haɗuwa gabas. In ruwa ya sauka Hilani tashi za su yi daga gonakin mutane, ba mu ƙara ganinta."

Na ce ni ba inda za ni, kuma ba ni da godiyar da zan ba kowa. In tana so ta ba direba ya ajiye zanen a gindin itacen.

Ta dube ni ta gefen ido. "Wa ya ce ke za ki gode? Jikana na, ni za ni godiya. Ke rakiya kawai za ki yi min, ki nuna min iccen. In munka isa ki ɗinke bakinki in kin so."

Inna ba ta san wurin ba, kuma na san halinta, ko ban bi ta ba tafiya za ta yi, ta bi rugage ɗaya bayan ɗaya da ciwon gwiwarta. Na yafa mayafi ina ƙunƙuni.

Muka shiga motar Gusau. Na ɗauka kai tsaye za mu wuce, ashe Inna ta shirya wa Sabon Gari nata zagayen. Muka shiga wurin Bayarabiyar da ke ɗakin kusa da namu, wadda ta yi ta dafa wa masu gaisuwa abinci. Muka tsaya shagon telan da ya yanko likkafani ya ƙi karɓar komai. Har mai ruwan da ya cika mana randuna ranar sai da ta sa aka nemo shi. Kowanne ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi ainihin abin da ya yi, ba ta haɗa su a dunƙule ba. Ina tsaye a bayanta ina mamakin yadda ta san duk wannan. Ni ina cikin gidan aka yi komai, amma ban ga ko ɗaya ba. Telan ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa, "Haba Inna, ai yi wa kai ne."

Mijina ya raka mu tasha ya sa mu a motar Tsafe. Da zai juya ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya gyara mini bakin mayafina da ya maƙale a ƙofa. A ranar na lura ya rame.

Na yi fatan in kasa gane wurin, amma tun daga nesa na hango gawon. Na taɓa kafaɗar Inna, ta buga jikin mota aka tsaya. Kafin ta sauka sai da ta gode wa direba, ta gode wa kwandasta, ta gode wa mutumin da ya riƙe mata kwando, har wani fasinja ya ce, "Inna, mu da munka matsa miki hwa?" Ta ce su ma Allah ya yi musu albarka. Motar ta tashi ana dariya.

Ban iya duban gindin itacen ba. Muka bi wani burtali da sawun shanu ya yi yawa, Inna na gaba tana ɗingishi, ni ina ɗauke da kwando. Rugar farko da muka isa ba nan ba ce, amma wata mata ta buɗe zanen ta dubi saƙar, ta nuna mana wasu bukkoki can bayan wani fako. Da muka ƙarasa muka tarar rabin bukkokin an riga an kwance su. An tara ƙore a cikin raga, an jingina tabarmi, jakuna na tsaye ana shirin ɗora musu kaya. Da mun ƙara kwana da ba mu same su ba.

Bafulatanar ce ta fara gane ni. Ta girme ni nesa ba kusa ba, siririya ce, da furfura a gefen kitsonta. Tana ganin zanen a hannun Inna ta ajiye igiyar da take riƙe da ita. Ta shimfiɗa mana tabarma a 'yar inuwar da ta rage, ta kawo ruwa da nono.

Inna ta yi abinta yadda ta saba. Ta gaishe ta, ta tambayi maigida da yara da shanu, ta tambayi gajiyar tashi. Sannan ta durƙusa a kan gwiwar nan tata mai ciwo, ta tura kwandon gabanta, ta ɗora zanen a kai.

"Godiya munka zo," ta ce. "Kin sauke tallanki kin zamna ƙasa don ɗan da ba ki sani ba. Kin ba shi cinyarki. Kin tuɓe suturarki kin suturta shi, kin koma gida kahwaɗa a buɗe cikin rana. Ba mu da abin biyanki. Allah shi suturta ki ranar da kowa ka neman sutura."

Ta ƙara da kalma ɗaya tak da ta iya ta Fillanci, wadda ke nufin na gode, ta faɗe ta a karkace har 'yan matan da ke leƙenmu suka rufe baki suna dariya.

Matar ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, tana jan zare a bakin tabarma. Sannan ta ɗago ta dube ni, ni ba Inna ba.

"Ni ad da neman gahwara wurinki," ta ce. "Tun rannan abin na damuna. Na yi abin da ba nawa ba."

Na ce a raina yau zan ji abin da nake gudu.

Ta ce da na tafi bakin titi ta jiƙa bakin zanenta ta goge masa fuska, ta ɗiga masa ruwa a baki, ya haɗiye. Ya buɗe ido. Akwai 'yan maruƙa da suka zo cin 'ya'yan gawo, ya bi su da kallo, har ya ɗaga ɗan yatsa yana nuna mata ɗaya. Bai yi kuka ba, bai firgita ba. Can sai idonsa ya fara lumshewa.

"Sai yac ce, Yaya. Na duba, kina nesa, ko na yi kira ba ki ji. Ya sake cewa, Yaya. Na gane ke yaka nuhi. Sai nic ce, na'am, ga ni. Na sa bakina kusa ga kunnenai na ce ga ni nan, ba inda za ni." Ta share ido da bayan hannu. "Ya kama yatsana ya riƙe. Shi ya ɗauka ke ce. Haka yat tahi, ina yi mai kalmar shahada. Na amsa kiran da ba nawa ba, ki yahe min."

Ban san sautin da ya fito daga bakina ba. Kukan da ban yi ba a Gusau, ban yi ba a Bungudu, shi ya ɓalle mini a tsakiyar rugar mutane, a gaban yara da jakuna. Na kifa kaina a cinyarta, cinyar da ya kwanta a kai, na yi ta yi. Ba wanda ya ce in yi haƙuri. Tana shafa bayana, Inna na riƙe da ƙafata. Ya kira, an amsa masa. Duk tsawon lokacin nan ina tuhumar Allah da ya raba ni da shi a wannan sa'a, ban san ya riga ya aiko masa da wadda za ta ce na'am ba, ta sauke ƙwaryarta daidai gindin wannan itace.

Da na sami numfashi na kama hannunta biyu na ce na gode. Na sake faɗa. Na yi ta maimaitawa kamar wadda ta koyi magana yau, ita kuma tana cewa ba komai, ba komai, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Sai ta ce, "Na san na hwari na, don da kim miƙo min shi ba ki kira sunanai ba. Mu ma haka muke. Amma ina son in sani, in riƙa sa shi cikin addu'a."

Inna ta buɗe baki za ta amsa, kamar yadda ta saba amsa mini komai tun ranar rasuwar. Sai ta fasa, ta rufe bakinta, ta juya tana kallon shanu. Na faɗi sunan ɗana da bakina, a gaban uwata, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Daɗin sunan ya ba ni mamaki. Matar ta maimaita shi a hankali don ta riƙe.

La'asar ta yi muna nan. Matar ta zubo mana ruwa a buta, ta shimfiɗa mana buzu a bayan bukkar da ba a kwance ba. Na ta da salla, na fara Fatiha, a ayar godiya ta farko na tsaya cak. Kullum ina wuce ta a guje, ranar na kasa wucewa. Na tsaya a kanta ina kuka, ina jin kowace kalma tana fitowa daga cikina. Inna ta idar da tata tuntuni ta zauna tana jan carbi. Mazan rugar na son su kama hanya kafin rana ta faɗi, na ji ɗaya ya yi magana daga nesa, na ji matar ta amsa masa a taƙaice da harshensu. Ba wanda ya ƙara ɗaga murya, kuma ba a ɗora wa jaki ko tabarma ɗaya ba sai da na sallame.